An Yi Mini Tallan Takardar Miƙa Wuyar Japan Mai Sa Hannu, In Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kakana yana cikin sojojin da suka je yaƙin Bama, shi ya sa nake sha'awar fara tara takardun tarihi masu sa hannu na ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Wani mai sayar da kayan tarihi a intanet ya yi mini tallan takardar miƙa wuyar Japan, ya ce sa hannun janar-janar ɗin duk na asali ne, har da satifiket na shaida. Kuɗin da yawa, amma zan iya daurewa in biya. In saya? Kuma ta ina mai wannan sha'awa yake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka saya, kada ka ba da ko kafin alƙalami. Ba sai na ga takardar ba kafin in faɗi haka, domin an san inda asalin yake.

Kwafi biyu kacal aka sa wa hannu ranar 2 ga Satumba 1945 a kan jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Missouri, yana tsaye a gaɓar Tokiyo. Ɗaya na ƙasashen ƙawance, an yi masa bango da fata, ɗaya na Japan, an yi masa bango da tamfol. Na ƙawance an ɗauke shi zuwa Washinton, aka miƙa wa Shugaba Truman, kuma yau yana ma'adanar takardun tarihi ta ƙasar Amurka. Na Japan yana ma'adanar takardun ma'aikatar harkokin waje a Tokiyo. Babu na uku. Duk wanda ya ce maka yana riƙe da wannan takarda da ɗanyar tawadar mutanen nan, ko dai shi ma cutarsa aka yi, ko kuma kai yake shirin cuta.

Mutum 12 suka sa hannu. Ministan harkokin waje Mamoru Shigemitsu da Janar Yoshijiro Umezu a madadin Japan, sai Janar Douglas MacArthur a madadin ƙawance baki ɗaya, sannan wakilan ƙasashe 9: Nimitz na Amurka, Hsu Yung-chang na Sin, Fraser na Birtaniya, Derevyanko na Tarayyar Sobiyet, Blamey na Ostareliya, Cosgrave na Kanada, Leclerc na Faransa, Helfrich na Holan, da Isitt na New Zealand. Akwai wani abu da ya faru a wurin wanda duk mai harkar nan ya sani. Kanar Cosgrave, wanda ya rasa ganin ido ɗaya tun Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya tsallake layinsa a kwafin Japan, ya sa hannu a layin Faransa. Waɗanda suka biyo baya kowa ya zame ƙasa da layi ɗaya, har wakilin New Zealand ya rasa layi, ya sa nasa a ƙasan shafi. Da Japanawa suka yi ƙorafi, Janar Sutherland, shugaban hafsoshin MacArthur, ya ɗauki alƙalami ya soke sunayen ƙasashen, ya gyara da hannu. To ka duba hoton da aka turo maka. In ka ga wannan gyara, hoton kwafin Tokiyo aka buga maka. In ba ka gani ba, na Washinton ne. Ko wanne ne dai, hoto ne.

Ba ina cewa kowane irin hoto banza ba ne. Bayan bikin an yi kwafe-kwafen hoto masu girman asali, aka yi musu bango, aka raba wa ƙasashen ƙawance da wasu manyan hafsoshi, kuma ma'adanar Amurka ta buga nata ɗan littafin hotunan takardun a 1945. Irin waɗannan tsofaffin kwafe-kwafe suna da darajarsu, wasu ma suna tsada idan an san hafsan da aka bai wa. Amma sa hannun da ke jikinsu hoto ne, kuma ɗan kasuwa mai gaskiya zai faɗa maka haka tun kafin ka tambaya.

Haka abin yake a ɓangaren Jamus. Janar Jodl ya sa hannu a takardar miƙa wuyar Jamus a garin Reims na Faransa da asubahin 7 ga Mayu 1945, sannan aka maimaita a Karlshorst da ke Balin a daren 8 ga wata, inda Keitel da Friedeburg da Stumpff suka sa hannu a gaban Zhukov na Tarayyar Sobiyet da Tedder na Birtaniya. Waɗannan takardu duk suna hannun gwamnatoci. Wadda kwamandan Birtaniya Montgomery ya karɓa a Lüneburg da ke arewacin Jamus ranar 4 ga Mayu tana gidan tarihin yaƙi na Landan. Mu ma nan gida, duk wata takardar hukuma da ta shafi abin da ya gudana a Barikin Dodan ranar 15 ga Janairu 1970, lokacin da Philip Effiong ya tsaya gaban Janar Gowon ya bayyana ƙarshen Biyafara, dukiyar ƙasa ce, ba hajar kasuwa ba.

Wannan batu na mallaka shi ne abin da sababbin shiga suke mantawa. A ce ma wata takardar gwamnati ta asali ta sulale ta shigo kasuwa, sayenta ba ya mai da ita taka. A 1865, a ƙarshen yaƙin basasar Amurka, wani soja ya ɗauke kwafin jihar Carolina ta Arewa na takardar haƙƙoƙin ɗan ƙasa daga ginin majalisar jihar. Ta yi ta yawo a hannun mutane fiye da shekara 130. A 2003 da aka zo sayar da ita, jami'an FBI suka yi shigar masu saye suka karɓe ta, daga baya kotu ta tabbatar wa jihar da kayanta. Asalin yarjejeniyar Versailles ta 1919 kuma, wadda aka ƙulla da Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamusawa sun kwashe ta daga Faransa a 1940, ba a sake ganinta ba. Ranar da ta ɓulla, Faransa ce za ta zo karɓa, wanda aka same ta a hannunsa kuwa sai ya yi bayani.

To me ya rage wa mai sha'awa irinka? Abubuwa da yawa, kuma a ganina sun fi daɗin tarawa, domin su ne suka ratsa hannun mutanen da suka tsaya a wurin.

Mafi kusa da abin da kake nema shi ne ɗan katin shaida da aka buga a maɗaba'ar cikin jirgin Missouri, aka raba wa waɗanda suke cikin jirgin a ranar. Girmansa bai wuce na saka wa a walat ba, yana ɗauke da sunan mai shi da shaidar cewa ya halarci miƙa wuyar. Sa hannun manyan da ke jikin katin bugu ne, ba alƙalami ba, amma katin kansa na lokacin ne, kuma iyalan matuƙan jirgin sukan fito da shi gwanjo. An yi jabunsa da yawa, saboda haka sunan da ke jiki dole ya dace da mutumin da za a iya tabbatar da cewa yana cikin jirgin. Sai hotuna. Admiral Nimitz ya sa hannu a kan hotuna masu yawa na lokacin da yake zaune yana rattaba hannu a takardar, yana rabawa abokai da masu rubuto masa wasiƙa har ƙarshen rayuwarsa. Irin wannan hoto da hannun Nimitz na gaske abu ne da mutum zai iya mallaka ba tare da fargaba ba. Akwai wasiƙun sojoji zuwa gida masu kwanan watan ranar, akwai saƙonnin waya da aka aika wa rundunoni cewa a tsagaita wuta, akwai ambulan masu hatimin gidan wayan jirgin, akwai jaridun washegari. Alƙaluman da MacArthur ya yi amfani da su kuwa, tun a wurin ya miƙa ɗaya ga Janar Wainwright, ɗaya ga Janar Percival, mutum biyu da suka sha zaman fursuna a hannun Japan. Kada ka saurari mai tallan alƙalami.

Akwai kuma wani nau'i da ke rikita mutane, kuma ina zargin shi ne mafi kyawun abin da mai tallan naka zai iya riƙewa, in ma yana da wani abu. Bayan yaƙi, masu tara sa hannu sukan buga kalmomin takardar miƙa wuya da tafireta a sabuwar takarda, su aika wa tsoffin janar-janar ta gidan waya, su roƙi a sa musu hannu. Admiral Dönitz, wanda ya gaji Hitila na 'yan kwanaki, ya fito daga kurkuku a 1956, ya rayu har 1980, kuma ya sa hannu a irin waɗannan takardu ba adadi. Sa hannun na gaske ne, amma takardar ba ta ga yaƙi ba. Kayan tunawa ce, farashinta ya kamata ya zama na kayan tunawa. Wannan al'ada tsohuwa ce. A yaƙin basasar Amurka, bayan Janar Lee na 'yan Kudu ya miƙa wuya ga Janar Grant a Appomattox ranar 9 ga Afrilu 1865, washegari ya fitar da takardar ban kwana ga sojojinsa, akawuna suka yi ta kwafa da hannu, shi kuma ya sa hannu a da yawa daga ciki. Su ne masu tarawa suke bi har yau, tare da 'yan takardun izinin komawa gida da aka bai wa sojojinsa kimanin 28,000.

Yanzu batun satifiket. Satifiket takarda ce kawai da wani ya rubuta cewa ya yarda da wata takardar. Wanda ya iya ƙirƙirar sa hannun MacArthur, buga satifiket mai zinariya a gefe ba zai gagare shi ba. Abin da muke nema a wannan harka shi ne silsilar hannayen da takarda ta bi, kamar yadda malaman hadisi suke bin isnadi: wa ya karɓa daga wa, yaushe, kuma shin sun taɓa haɗuwa? Takarda mai lafiya tana zuwa da labarinta. Wane hafsa ne ya fara riƙe ta, wace runduna yake, ta yaya ta fita daga gidansa, wane gidan gwanjo ya sayar da ita a wace shekara, lamba nawa ce a kundin gwanjon. Duk waɗannan abubuwa ne da kai da kanka za ka iya bincikawa. In ka tambayi mai kaya ya ce maka daga wajen wani tsohon soja ya samu wanda ba ya son a ambaci sunansa, silsila ta yanke tun daga tushe, sai ka yi sallama.

Kafin ma a kai ga duba tawada, kwanakin mutuwa kaɗai suna kashe jabu da yawa. Friedeburg ya kashe kansa ranar 23 ga Mayu 1945, mako biyu bayan Karlshorst. An rataye Jodl da Keitel ranar 16 ga Oktoba 1946. Umezu ya mutu a kurkuku a 1949, Shigemitsu a 1957, MacArthur a 1964, Nimitz a 1966. Ka riƙe waɗannan, sannan ka duba abin rubutun. A kan Missouri da alƙalamin tawada aka yi aiki. Biro ba ta shiga kantunan Amurka ba sai ƙarshen Oktoban 1945, alƙalamin maka mai bakin soso kuwa sai a shekarun 1960 ta yaɗu. Sa hannun Jodl da alƙalamin maka, ko na Umezu a takardar da aka ƙera bayan mutuwarsa, magana ta ƙare. Kuma ka yi tunani a kan abin da aka ce maka: mutum 12 daga ƙasashe 10, biyu daga cikinsu sun shiga kurkuku ba da jimawa ba, ɗaya ya koma Tarayyar Sobiyet, Leclerc ya mutu a hatsarin jirgin sama a 1947. Wane ne ya zaga duniya ya tara hannayensu duka a takarda ɗaya?

Idan takarda ta zo hannunka, kayan aikin farko ba su da tsada. Gilashin ƙara girma mai ninki 10 zai nuna maka bambancin bugu da rubutu. Alƙalami yana barin kwari a jikin takarda, tawada tana yin kauri a wani wuri ta yi siriri a wani, kuma inda layi ya hau layi za ka ga wanda ya fara. Bugu kuwa a shimfiɗe yake, sau da yawa ɗigo-ɗigo ne ƙanana. Ka karkata takardar a gefen haske, ka duba bayanta ko akwai tudun da bakin alƙalami ya tura. Mai kwaikwayo yakan zana sa hannu ne a hankali, sai layin ya yi rawa, ya tsaya a inda mai sunan ba ya tsayawa. Na'urar Autopen, wadda ofisoshin manya a Amurka suka rungumi amfani da ita bayan yaƙi, tana rubutu da alƙalami na gaske, amma nauyin hannunta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma in ka ɗora sa hannu biyu nata ɗaya kan ɗaya za su dace cif. Ɗan Adam ba ya maimaita sa hannunsa haka. Ga kuma sakatarori da suke sa hannu a madadin maigida, wanda shi ya fi wuyar ganewa sai da kwatanta samfura masu yawa.

Sai fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji suke duba kuɗi da ita. Tun daga shekarun 1950 masana'antu suka fara zuba wa takarda sinadarin ƙara fari, kuma irin wannan takarda tana walƙiya da shuɗi a ƙarƙashin fitilar. Takardar 1945 ba ta yin haka. Wannan na cikin abin da ya tona asirin littattafan da aka ce na ajiyar sirrin Hitila ne a 1983, waɗanda Konrad Kujau ya ƙirƙira, mujallar Stern ta Jamus ta biya mak miliyan 9.3, kuɗin Jamus na lokacin, a kansu. Masana rubutun hannu sun riga sun ce na gaske ne, domin wasu daga samfuran da aka ba su su kwatanta da su ma Kujau ne ya rubuta. Sai da ma'adanar tarayyar Jamus ta sa aka gwada takarda da zare da tawada, cikin 'yan kwanaki komai ya rushe. Amma ka sani rashin walƙiya ba hujjar gaskiya ba ce, domin ƙwararren mai jabu yakan yanko farar takarda daga tsohon littafi.

In ka yanke shawarar saye, ka fara da ƙaramin abu, daga gidan gwanjo ko dillalin da zai rubuta maka cewa duk ranar da aka tabbatar kayan jabu ne zai mayar maka da kuɗinka. Christie's da Sotheby's da Bonhams da RR Auction duk suna ajiye sakamakon gwanjonsu na baya a intanet, da hotuna da bayanin silsila. Ka yi watanni kana karanta su kyauta kafin ka kashe ko sisi, idonka zai buɗe. Ka tuna kuma ana ɗora wa mai saye la'ada a kan farashin da aka buga guduma, sau da yawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ban da kuɗin aikowa da inshora da canjin dala.

Amma Malam, layin farko na tambayarka shi ya fi jan hankalina. Ka ce kakanka ya je Bama. Kafin ka aika kuɗi ƙetare, ka je gidanku ka buɗe akwatuna. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, ta 82 ta biyo ta yankin Arakan, suka haɗu suka karɓe Myohaung a Janairun 1945. Bataliyoyi uku na sojojin Najeriya kuma sun shiga daji tare da mayaƙan Chindit, wata rundunar Birtaniya ta musamman mai kutsawa bayan layin Japanawa, a 1944. Dubban 'yan Arewa ne a cikinsu, har Hausa ta zama harshen bariki. Japanawan wannan yanki sun miƙa wuya a hukumance a Singafo ranar 12 ga Satumba 1945, inda Janar Itagaki ya sa hannu a gaban Mountbatten, babban kwamandan ƙawance na yankin, amma mafi yawan mutanenmu ba su ga gida ba sai 1946. Ga kowane ɗayansu, takardar da ta kawo ƙarshen yaƙinsa ita ce littafin sallama: sunansa, lambarsa, bataliyarsa, ranar da ya shiga da ranar da ya fita, shaidar halinsa, da sa hannun hafsan da ya sallame shi da tawada ta gaske. Wannan takarda ce ta asali, ta lokacin, mai sa hannu, kuma silsilarta ba ta da gibi, daga hannunsa zuwa naka.

Abin yana ci mini rai ƙwarai yadda waɗannan littattafai suke salwanta. 'Yan mazan jiya sun ƙare, 'ya'yansu ma sun tsufa, ana raba gado a kwashe tsummokara a ƙone, littafin yana ciki. Lambar yabo ta Bama takan tsira saboda ƙarfe ce, amma mafi yawan lambobin wannan yaƙi ba a rubuta suna a jikinsu ba, don haka lamba ba tare da takarda ba ba ta gaya maka ko ta wa ce. In ka samu lambar soja da sunan bataliya, za ka iya bin sawun rundunarsa a kundayen yau da kullum na yaƙi da ke ma'adanar Birtaniya a Kew, ka ga inda suka kwana da inda suka yi artabu. Abokansa da ba su dawo ba kuwa, sunayen da yawa daga cikinsu suna rubuce a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, kuma hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta sa su a intanet. Wanda ya tara littattafan sallama 20 na garinsu, da hotuna, da abin da iyalai suka riƙe na labari, ya yi aikin da babu wani attajirin Landan da zai iya saye. Ko iyali ba su yarda su rabu da nasu ba, kuma ni ba na son a matsa musu, ka roƙi izinin ɗaukar hoto mai kyau na kowane shafi. Ka kuma sani fitar da kayan tarihi daga Najeriya sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

In Allah ya sa ka samu littafin, ina roƙonka kada ka kai shi laminatin. Mun saba yi wa takardun makaranta haka da niyyar kariya, amma zafi da gam suna shiga jikin takarda, ba a iya cirewa ba tare da ɓarna ba, kuma masu harkar nan suna ɗaukar takardar da aka yi wa laminatin a matsayin lalatacciya. Kada ka liƙa salatif a inda ya yage, domin yana barin tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Ka cire kilif da roba da duk ƙarfen da zai yi tsatsa. Ka shimfiɗa shi a cikin fayil marar asid ko leda ta musamman irin Melinex, ba ledar kasuwa ba. Ɗanshin da takarda take so tsakanin kashi 30 ne zuwa 50 cikin ɗari, mu kuwa damina takan kai shi sama ta kawo fumfuna, hunturu ya busar da shi har takarda ta riƙa karyewa. Saboda haka ka zaɓi ɗaki na tsakiyar gida, nesa da bangon da ke jiƙa, a kan kanta ba a ƙasa ba saboda gara, kuma ka riƙa dubawa farkon damina da ƙarshenta. In kana son ratayewa a falo, ka rataye kwafi, asalin ya zauna a duhu, domin rana tana cinye tawada. Idan kuwa ka tarar shafukan sun manne da juna ko gara ta riga ta taɓa, kada ka ɓamɓare da hannu. Ka kai wa ma'aikatan ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ko Gidan Arewa su duba maka tukuna.